Awa Tara a Alƙahira

A kan hanyarmu ta zuwa Umra jirginmu ya sauka Alƙahira da hantsi, aka ce ba mu tashi sai bayan awa 9. Abokan tafiyata suka nemi kujeru suka kishingiɗa. Ni kuwa na ce a raina, yaya ɗan makarantar allo zai zo ƙofar Azhar ya wuce bai gan ta ba?

Na nemi izinin shiga gari, aka buga mini hatimi a fasfo. Na yanke kuɗi da mai tasi tun kafin in shiga. Na sallaci azahar a masallacin Azhar, wanda aka soma gininsa a shekarar 970, inda ɗaliban Barno suka taɓa samun zaure nasu na kansu. Daga nan na tsallaka kasuwar Khan Halili don in sayo wa uwargida turare.

To, nan ciniki ya shagaltad da ni. Da na juyo, motoci sun cushe hanya, ba gaba ba baya. Na iso filin jirgi ina haki, ana ta cigiyata. Allah ya kiyaye, saura ƙiris a bar ni.

Ɗan'uwa, in ka sami irin wannan dama, fita ka buɗe ido. Amma ware awa 3 domin komowa, gama jirgi ba ya jiran kowa.