Tabkin da na sani ya kusa cinye ɗana



Ni mutumin Bengu ne, cikin ƙasar Gaya. A fadamar Foga na tashi, inda mata ke dafa gishiri, mu kuma muna noman rake da shinkafa. Tun ina yaro nake iyo a tabkunanta. Na ɗauka babu abin da ruwa zai koya mini.

A damanar 2020 aka yi ruwa mai yawa, kogin Isa ya cika, fadama ta malale. Wata rana ina gona, ɗana mai shekara 9 ya shiga tabki da abokansa. Wurin da ya saba tsayawa ruwa iyakar ƙugu, ashe da rani an haƙa ramin tubali. Sai ya nutse. Bai yi kuka ba, bai yi kira ba. Wanda ruwa ke ci ba ya samun bakin kururuwa.

Wani makiyayi na shayar da shanu kusa. Bai faɗa ruwan ba. Ya kwanta a baki, ya miƙa sandarsa, yaron ya kama, ya jawo shi. Da na iso da gudu sai ya ce mini: "Baba, da na shiga, da gawa biyu kuka ɗauka. Ban iya ruwa ba."

Ban gama godiya ba sai ga wata masifa. Bayan wata 3 yaron ya fara fitsarin jini. Tsofaffi suka ce alamar balaga ce. A asibiti likita ya ce tsargiya ce. Ƙwayarta na zaune cikin ƙananan katantanwa na ruwan kwance. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga. Mai cutar in ya yi fitsari a tabki, ya shuka ta ga ƴaƴan jama'a. An ba shi ƙwayoyin praziquantel, ya warke. Tun 2004 ake rabon wannan magani ga yara a Nijar, amma ni ban taɓa kula ba.

Yanzu ga dokar gidana. Yaro ba ya zuwa tabki sai da babba mai ido a kansa. Kowace damana ina auna zurfi da sanda kafin kowa ya shiga. Ba a faɗawa da kai. Muna aje gora ko bido mai marfi a baki, don a jefa wa wanda ya gaji. Ba fitsari, ba kashi cikin ruwa. A kogi kuwa, wajen Gaya, sai mun tambayi masunta inda dorina take.

Ban hana ƴaƴana iyo ba, don mu mutanen fadama ne. Ni da kaina nake koya musu, a wurin da ba zurfi. Ɗan'uwa, kafin damana ta sauka, je ka duba ramukan da ke bayan garinku.

Allah ya kiyaye mana zuri'a, amin.