Kafin a Rushe, a Ƙirga Mu



Mu malaman makaranta muna da wani littafi da ba ya ƙarya, wato rajistar aji. A watan Yuni na 2015, bayan ambaliyar ranar 3 ga wata da ta ci rayuka fiye da 150 a nan Ankara, an shiga tsohuwar Fadama da katafila, an rushe ɗakunan da ke bakin ruwan Odaw. Washegari muka kira suna, wasu yara ba su amsa ba. Daga baya muka ji an mai da wasu arewa, wasu kuma suna dako a kasuwa. Ba su sake dawowa aji ba.

Saboda haka duk lokacin da aka ta da zancen sake gina Nima da Mamobi, sai gabanmu ya faɗi. Ba wai muna son ƙazanta ba ne. Mu ne muke kwana kusa da babbar kwata, mu ne muke bin layin bayan gida tun asuba. Gyara kam muna so.

Amma ga abin tambaya. A gidan zango ɗaya za ka tarar da iyali goma, yawancinsu 'yan haya. Gidan kuwa na gado ne, magada da yawa, takarda babu. In an gina bene, wa za a ba makulli? Uwar da take sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, da shi take biyan kuɗin littafin ɗanta, a hawa na shida wa zai saya? A 2021 an kai 'yan albasa Adjen Kotoku daga Agbogbloshie, mun ga yadda nisa yake raba mutum da cinikinsa.

Roƙonmu uku ne. A rubuta sunan kowa, har ɗan haya, kafin a taɓa bango. A gina sabon wuri tukuna, sannan a ta da mutane. A kuma bar mu cikin unguwarmu, kusa da masallaci, makaranta da kasuwa.

Sarakunanmu da limamai, kada ku sa hannu a takarda sai an karanta mana ita a bainar jama'a. Mu ma iyaye, mu nemi takardun gidajenmu tun yanzu. Allah Ya sa mu dace, amin.