Hutun Da Na Ɗora Wa Inna

Ni ne na hana Inna tafiya. Da gwiwarta ta dama ta fara ciwo, tana ƙagewa da asuba, tana ƙara idan ta miƙe, sai na tara ƙannena na kafa doka: kada ta sake taɓa tsintsiya, kada ta taka zuwa gidan ƙanwarta da ke bayan layinmu, barka da gaisuwar rasuwa ma a kai ta a a-daidaita-sahu. Ruwan alwala da abinci a kai mata har bakin gado. Nawa aikin shi ne sayo diclofenac da man zafi a kemis. A lissafina gwiwa ta gaji da wahalar shekaru, ɗan abin da ya rage a tattala shi. Duk wanda ya ji sai ya sa mini albarka.

A hankali matar da ke zuwa kasuwa da ƙafarta ta koma ba ta iya tashi daga kujera sai an kama ta. Ƙwayoyin kuma suka tayar mata da gyambon ciki. Likitan da ya duba cikin ne ya tsayar da su, ya ce yawan shansu har ƙoda yake taɓawa, ya tura mu sashen gashin ƙashi. Na je ina gunaguni a zuci, don a sanina wurin na waɗanda suka karye ne, irin waɗanda ake kaiwa Asibitin Ƙashi na Dala, ko masu shanyewar ɓarin jiki.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ba ta fara da na'ura ba. Ta sa Inna ta zauna, ta tashi, ta taka, sannan ta auna cinyoyinta biyu.

"Malam, zo ka gani. Wannan ta fi waccan ramewa. Wa ya ce Mama ta daina tafiya?"

Na ce ni ne.

Ba ta yi mini faɗa ba, bayani ta yi. Naman gaban cinya shi ke riƙe gwiwa yana rage mata nauyi. In aka zaunar da mutum sai ya saki, nauyin ya ƙaru a kan gaɓar da dama ta gaji. Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi kuwa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke kai masa. Wato abin da na hana shi ne maganin. Ciwon nan na zaizayewar gaɓa ya yaɗu ƙwarai: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ke fama da shi a 2019, miliyan 365 a gwiwa, mafi yawansu mata.

Atisayen da ma'aikaciyar ta koya wa Inna ba ya cin ko kwabo. Tashi daga kujera a koma zaune a hankali, ɗaga ƙafa a miƙe daga kwance, gashi da tsumma mai ɗumi kafin a fara, sai 'yar tafiya a tsakar gida da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sanda a riƙe ta a hannun hagu, tunda dama ce mai ciwo. Ta ce ɗan zafi lokacin atisaye ba komai in ya lafa kafin washegari, amma in gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, a nufi likita ranar.

Guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa, har yau Inna a kujera take salla. Amma tana tashi da kanta, ta koma zuwa gidan ƙanwarta da ƙafa, dogon zaman kaɗaicin da ya sa ta daina hira ma ya ragu.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne janye dokar. Ƙannena sun riƙe ta da gaske, suna ganin abin kunya ne baƙo ya shigo ya tarar da tsohuwa tana shara 'ya'yanta na zaune. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce kuskurena ne, su bar ta ta ɗauko butarta. Autarmu har yanzu ba ta gama yarda ba, shi ya sa ranar komawa asibiti mai zuwa da ita za mu je, ta ji da kunnenta.