Gida a Gangaren Dutse: Ina Za a Sa Ɗakin Inna?

Idan ka bar Birnin Kebbi ka nufi Kalgo, kada barci ya ɗauke ka a mota, don tafiyar ba ta da nisa. Dubi tsaunukan da ke rakiyar hanya. Ba irin duwatsun Jos ba ne masu tsini. Nasu kan a shafe yake kamar faifai, jar marmara a sama, yashi da yumɓu a ƙasa. Can gefe kuma fadama ce shimfiɗe, shinkafa iya ganinka. Duk wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gonaki da gidajen Kebbi ba zai tambayi dalilin da ya sa mutum ke ɗaga kai ya dubi tudu ba idan zai sayi fili. Ga jami'ar tarayya da babban asibitin jiha sun jawo jama'a Kalgo, kowa na neman inda zai kafa tushe.

Gwandu kuwa ta daɗe da sanin tudu. Garin a kwari yake, tsaunuka sun kewaye shi. Nan jama'ar Shehu Usmanu suka dawo bayan yaƙin Alwasa a 1805, lokacin garin ba shi da ganuwa, sai a 1806 Muhammadu Bello ya gina ta. Nan kuma hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya sauka a 1853, ya yaba albasa da ayabar kwarin, kuma a garin ya sami littafin Tarikh al-Sudan. Fadar sarki ta koma Birnin Kebbi tun zamanin Turawa, amma sunan masarautar bai bar garin ba. Abin da nake so ka lura da shi dai: mutanen da sun bar dutse ya yi musu gadi, su kuma suka kwana inda ƙafa ke takawa ba wahala.

To, a ce kai ne ka sami fili a gangare, kuma ba kai kaɗai za ka shiga ba. Akwai mahaifiyarka, akwai iyalinka, akwai ƙanenka da zai yi aure baɗi, ga yara. Magini zai ce maka a yanka filin hawa biyu ko uku, kowane sashe da nasa. Daidai ne. Tambayar ita ce wa za a ba wane.

Yawancinmu girmamawa ce ke sa mu ce a ba Inna na can sama, inda iska take, inda hayaniyar yara ba ta kaiwa. Ni dai aikina na jinya ya sa ina tsoron wannan karamcin. Na taɓa zuwa wanke wa wata dattijuwa ciwo a irin wannan gida. Ɗakinta ya fi na kowa kyau, har da tayil mai ƙyalli. Matakala tara ce tsakaninta da tsakar gida. Ta ce da ni, "'Yar nan, tun azumi rabona da ganin zaure." Ba wanda ya kulle ta. Gwiwa ce ta ƙi, 'ya'yanta kuma ba su taɓa ƙirga matakalar ba, don su da gudu suke hawa. Suna da biki duk a kunne take jin su.

Saboda haka ka fara zanen gidan daga ƙafar da ta fi rauni. Hawan da yake daidai da ƙofar gida, shi ne na tsofaffi. Daga gadonta zuwa makewayi, zuwa inda take alwala, zuwa inuwar da ake hira, kada a sami matakala ko ɗaya, har dokin ƙofa a rage masa tsayi. Ka tuna tsoho yakan fita fitsari sau biyu ko uku cikin dare, sau da yawa ba wuta, ido kuma ya yi rauni. A nan ake faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, waɗanda suka haura sittin ne suka fi yawa a ciki. Aliero na nan kusa, an san ta da masu ɗori, amma karayar ƙugu a jikin mai shekara saba'in ba irin karayar hannun yaro ba ce. Da yawa daga ranar ba sa sake tashi daga shimfiɗa.

Ƙofar ɗakinta da ta makewayinta su kai faɗin ƙafa uku, don keken marasa lafiya ya shige, ko mutum biyu su riƙo ta. A kafa ƙarfen dafawa a bango. Tayil mai santsi a bar wa falon baƙi. Daɓen siminti mai kaushi ya fi masa amana idan buta ta zube. Inda dole sai an hau, a yi gangara mai sauƙi: duk tashin ƙafa ɗaya a ba shi tsawon ƙafa 12. Magini zai ce ana ɓarnar fili da siminti. Ka ce masa ka ji, a yi hakan. Mai tsohon ciki ma za ta gode maka, haka wanda zai ɗauko ta tsakar dare zuwa mota. Don haka ma ka tabbata mota ko Keke Napep na iya zuwa bakin zaure har cikin Agusta, ba sai an tsaya a gindin tudu ba.

Saman a ba ango da amarya da samarin gida. Ƙafarsu lafiya lau, suna kuma son sirri. Sai dai a ɗaga katangar tsakani, domin wanda ke sama yana ganin tsakar gidan na ƙasa tas, har na maƙwabta. Rigimar da wannan ke haddasawa ta fi ta kan iyaka zafi.

Sai ruwa. Ka gudu daga ambaliyar fadama, amma ruwan tudu ma yana da hanyarsa, kuma ya riga ka zuwa wurin. Kafin ka biya kuɗin fili, je ka tsaya a kansa ana ruwa, ko da an ɗauke, ka ga inda yake bi. A haƙa magudana a bayan gida ta sama, ta karkatar da shi gefe, kada kuma ka juye wa na ƙasa da kai. Katangar da ke tare ƙasa a bar mata rariya a jiki. In ba haka ba ruwa ya taru a bayanta, wata rana ta kwanta, kuma yara ne ke wasa a gindinta. Tushe a kan ƙasar asali ake kafa shi, ba kan cikon da tifa ta zuba jiya ba. Wannan aikin injiniya ne, kada a yi masa rowa.

Masai da sokawe su kasance ƙasa da rijiya, da tazarar kamar mita 30. Na sha ganin gidan da yara ke ta gudawa da taifod, ana ta sayen magani, alhali masai na sama, rijiya na ƙasa.

Zafin Afrilu a nan yakan wuce digiri 40, marmara kuma tana riƙe shi har bayan isha'i. Kada bangon ɗakin Inna ya fuskanci yamma. Hadari daga gabas yake tasowa, sai a tsawaita kwano ta wannan ɓarin. Bishiyar darbejiya kuwa a dasa ta tun ranar da aka kawo bulon farko, nesa kaɗan da tushe, a daidai inda kake so a riƙa shimfiɗa mata tabarma da la'asar.