Tabon Gam a Tayil, Daga Tarauni Zuwa Birmingham

Duk wanda ya taɓa kama haya a Gyadi-Gyadi da ke Tarauni a Kano, a lungunan da ke tsakanin Court Road da titin Zariya, ya san abin da ke jiransa ranar da ya ɗaga tsohuwar leda: gam ya bushe a kan tayil, ya sha ƙura ya yi baƙi. Wanda ya tashi ya tafi abinsa, dillali ya karɓi la'adarsa, sabon ɗan haya ya biya kuɗin shekara, tabon kuma ya zama nasa.

Maganin da aka saba da shi a Tarauni ba ya wuce uku. A kira yaro da reza ko cokalin magini ya kankare, a zuba kananzir ko fetur, in ya ƙi a sayo asid. Kananzir yana aiki, domin yana sassauta gam har ya yi laushi. Fetur ya fi sauri, amma tururinsa a rufaffen ɗaki tartsatsi ɗaya yake jira. Asid kuwa wahalar banza ce. Siminti yake ci, shi ya sa masu tayil ke wanke ragowar siminti da shi bayan sun gama shimfiɗa. Gam ba ya jin sa. Sai ya cinye simintin da ke tsakanin tayil, ya ƙona fuskar tarazo da mabul, tabon yana nan daram. In kuma aka haɗa shi da Hypo, iskar kulorin ce ke tashi, mai shaƙe numfashi.

Bakanon da ya zauna a Birmingham zai fara mamakin yadda magini a can yake tsayawa ya tambayi shekarun gida kafin ya taɓa ƙasa. Dalilin asbestos ne. Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai a 1999, kuma baƙin gam mai kama da kwalta da aka manna tayil ɗin roba da shi a tsofaffin gidaje yakan ƙunshe shi. Ƙurarsa na jawo kansar huhu bayan shekaru masu yawa. Don haka ba a gurza shi a bushe. Gutsure ake yi a kai ɗakin gwaji tukuna. In ya fito lafiya, sai a ɗumama gam da na'urar hura iska mai zafi, a shafa mai da ake tatsowa daga ɓawon lemu, a bar shi ya jiƙu, sannan a kankare da faifan roba don kada tayil ya karce.

Akwai kuma batun kuɗi. Tun 2007 doka a Ingila ta wajabta a adana kuɗin ajiyar ɗan haya a wani tsari na musamman, kuma in ya bar gam a ƙasa, daga nan mai gida zai nemi kuɗin wankewa. Saboda haka mutum yana tunani tun kafin ya manna komai.

A Kano zafin da Bature ke nema da na'ura yana samuwa a tukunya. Tsumma da aka tsoma a ruwan zafi da Omo, a shimfiɗa a kan tabon na ɗan lokaci, yana ɗaga gam mai yawa. Abin da ya rage, kananzir kaɗan a tsumma ya isa, tagogi a buɗe, risho a kashe.