Baƙon da bai zama raɓa ba

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai a neme shi a rasa. Mutanen Guwam, wani tsibiri na tekun Pasifik da ke ƙarƙashin Amurka, da wuya su yarda da wannan magana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani maciji mai ruwan ƙasa, ɗan asalin yankin Niw Gini, ya sauka can a ɓoye cikin kayan soja, ya share wuri ya zauna.

Tsuntsayen tsibirin ba su taɓa gamuwa da maciji mai hawan itace ba, saboda haka ba su gaji tsoronsa daga iyaye ba. Shi kuwa da dare yake yawo, ya bi reshe har sheƙa, ya haɗiye ƙwai da ƴan tsaki, wani sa'in har da uwar. Babu abin da ke farautarsa. Kafin ƙarshen shekarun 1980, iri 10 cikin iri 12 na tsuntsayen dajin sun ɓace daga tsibirin. An daɗe ana zargin cuta da maganin ƙwari, sai a 1987 wata masaniya, Julie Savidge, ta tabbatar da cewa maciji ne.

Abin da ya biyo baya ya fi tayar da hankali. Daji ya yi tsit. Gizo-gizo ya yawaita, yanarsa ta tsare hanyoyi, don babu mai cinsa. Itatuwan da tsuntsaye ke kai wa iri nesa sai ƴaƴansu suka riƙa zuba a gindin uwa, kaɗan ke tsira. Har cikin gari ɓarnar ta kai, domin macijin kan hau wayoyin lantarki ya katse wuta.

Dabarar da aka samo, ko da ta yi kama da almara, gaskiya ce: ana cusa wa matattun ɓeraye farasitamol, wanda guba ne ga wannan maciji, a jefo su daga jirgi mai saukar ungulu su maƙale a rassa. Ta rage shi, amma ba ta ƙarar da shi ba.

Akwai wani tsuntsu da ƴan ƙasar ke kira sihek. Guda 29 aka kama a shekarun 1980, aka yi ta kiwon zuriyarsu a keji. A 2024 aka saki guda 9, ba a Guwam ba, a Palmira, wani tsibiri mai nisan dubban kilomita inda babu maciji.