Kafanchan, Inda Hawan Dutse Ke Cin Kuloci

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya biyo ta Kachia da Zonkwa, to, tun kafin ya shiga Kafanchan zai ga ƙasa ta sake kama. Itatuwa sun yi duhu, ciyawa ta yi tsawo, duwatsu kuma sun fara tasowa ta gabas, har idonsa ya sauka a kan dutsen Kagoro wanda ya tokare kamar ganuwar birni. Wannan shi ke faranta ran baƙo. Shi kuwa direban haya da wani ido yake duban duwatsun nan, domin ya san kowane hawa da kuɗinsa, kuma kulocin motarsa ne zai biya.

Asalin ƙasar ta mutanen Fantswam ce, amma jirgin ƙasa shi ya raya garin. A cikin 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Enugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, a nan kuma reshe ya ɓalle zuwa Jos saboda kuza. Ma'aikatan reluwe suka taru, Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen ƙasa, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa garin a 1933. Da harkar jirgi ta ja baya, sai kayan da taragu suka saba ɗauka suka koma kan titi, garin da ake ji da shi wajen gyaran kan jirgi ya koma hannun makanikan mota.

Hanyoyi huɗu ne manya suka fita daga Kafanchan: ta Kaduna, da ta Kwoi zuwa Keffi, da ta Gidan Waya zuwa Akwanga, sai kuma ta Kagoro da Manchok wadda ke hawa tudun Jos. Ita wannan ta ƙarshe ita ce direbobi ke shakka. Kafanchan ba ta kai mita 800 bisa teku ba, Jos kuwa ta haura 1,200, watau mota za ta yi ta hawa da lodin da ya fi ƙarfinta. Lodi kuwa ba a rasa shi, musamman da rani sa'ad da busasshiyar citta ke fitowa daga ƙasar Jaba da Kachia, ga doya da masara, ga fasinja a kan kaya.

Shi kuloci ba wani abin al'ajabi ba ne. Faranti ne mai fata gefe biyu, an matse shi tsakanin ƙarfen da inji ke juyawa da wani murfi mai sifirin. In direba ya taka, wani ɗan boris ya tura sifirin, faranti ya saki, giya ta shiga. In ya ɗaga ƙafa, faranti ya kama, mota ta ja. To, a tsakiyar hawa, in babbar mota ta tare gaba ko rami ya hana gudu, sai direba ya riƙe motar da rabin kuloci don kada ta koma baya, faranti na gogawa yana cin wuta. Rannan sai ya ji inji na ruri amma mota ba ta ci gaba, ga wari kamar na ƙonannen tsumma yana shigowa ta ƙasan kujera. Wanda ya ji wannan wari ya san kuɗin makarantar yara sun sami kishiya.

Garejin irin wannan aiki ba ya wuce inuwar mangwaro, da ƙasa baƙa ƙirin saboda tsohon mai, da yara masu koyon aiki suna miƙa sifana. Makanike na kirki ba ya fara kwance mota sai ya duba waya ko man kuloci tukuna, gama sau da yawa ciwon a nan yake, gyaransa kuma bai taka kara ya karya ba. In dai faranti ne, ba makawa sai an sauke giyabos, kuma wannan saukewa da mayarwa ita ce ake biya wa kuɗin aiki. Bas irin Hiace mai ja da ƙafafun baya da sauƙi: a cire sandar da ke kai ƙarfi baya, a ja giyabos, shi ke nan. Amma Golf da Sharan, wadda 'yan tasha ke kira Sharon, injinsu a gicciye yake, suna ja da ƙafafun gaba, sai an cire tayu da sandunan gaba an tallafe inji kafin a kai ga faranti. Saboda haka kuɗin aikinsu ya fi yawa, wani lokaci aikin ya cinye yini guda. Ba wani farashi a rubuce. Ciniki ake yi, oga ya faɗi nasa, direba ya roƙi ragi saboda sabo, a daidaita.

Wurin sayen kaya a nan gardama take. A zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun daga 1975, sunan da aka fi sani shi ne Valeo na Faransa. Yanzu motoci sun bambanta. Mai motar Jamus zai nemi LuK ko Sachs, mai Toyota kuwa Aisin ko Exedy na Japan, wanda tsofaffin makanikai ke kira Daikin har yau, ko da yake kamfanin ya sake suna tun 1995. Sai dai suna a jikin kwali ba shaida ba ne, domin masu yin jabu sun iya buga kwali fiye da yadda suka iya ƙera faranti. Ga kuma na hannu, wanda aka ciro daga motocin Turai, ana ce masa ɗan Beljiyam ko tokumbo. Ƙarfensa gangariya ne, amma ba wanda ya san yawan tafiyar da ya riga ya sha. A ƙasan su duka akwai tsohon faranti da aka sake wa fata aka buga ƙusoshi. Abin da shagunan gari ba su da shi, sai a aika Panteka a Kaduna, ko Jos, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ba direba saƙo, mota kuwa ta kwana a kan jak.

Tun da aka janye tallafin mai aka kuma saki Naira a 2023, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. A shekarar nan kuma wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, lodi ya ragu. Don haka ba a ganin laifin direban da ya ce a sa masa faranti kaɗai, a bar tsohon murfi da tsohon boris. Amma lissafin bai fita ba. Murfin da sifirinsa ya saki zai cinye sabon faranti, boris kuma in ya fara kuka sai an sake sauke giyabos ɗin nan dai, a sake biyan kuɗin aiki cif, a sake rasa yini. Haka nan in mai na ɗiga daga bayan inji ba a toshe ba, zai jiƙa faranti ko na wane kamfani ne. Shi ya sa makanikan da suka daɗe a sana'a ke nacewa a canja ukun gaba ɗaya, direba kuma ya tafi shago da ƙafarsa tare da oga, ya riƙe tsohon faranti a hannu don gwadawa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga ciniki. Hanyoyin yankin nan sun sha fama da 'yan fashi da masu satar mutane, motar da kulocinta ya ƙone a tsakiyar daji bayan magariba kuwa, da fasinja mata da yara a ciki, ba ta da dabara sai jiran Allah.

In an gama ɗauri, oga ba ya karɓar cikon kuɗinsa sai an gwada. Ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya ɗaga ƙafa sannu. In inji ya mutu nan take, faranti ya kama. Daga nan su biyu su hau, su nufi hanyar Kagoro da la'asar, direba ya kasa kunne yana sauraron inji, yaran gareji kuwa suna baya suna wanke hannu da fetur.